Irin da Ya Biyo ta Makka

Teku ce ta fara yi mini rashin mutunci, kafin mutane su karɓa daga hannunta. Ni mutumin Madabo ne a cikin birnin Kano, kuma babban ruwan da na taɓa sani shi ne na Tiga, shi ma daga nesa muke gaisawa. Sai ga ni a cikin jirgin ruwa yana ɗaga ni yana saukewa, na rungume wani bokitin roba ina mayar da duk abin da na ci tun daga Legas. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni ta gaji da kallona, ta ɓare lemon tsami da haƙorinta ta miƙo mini, ta nuna mini in riƙa shaƙa. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Har muka sauka tana dafe da jakata don kada ta gangara.

Wannan kuwa a shekarar da sojoji suka koma bariki ne, farar hula suka karɓi mulki. Ni malamin gona ne, na daɗe a wajen Kura ina aiki da manoman shinkafa. Gwamnati tana da wani tsari na ba ƙasashen 'yan'uwa aron ma'aikata, sai sunana ya fito, aka ce za ni Pemba, wani tsibiri a gabashin Afirka. Aka ce mutanen wurin Musulmi ne, shinkafa ce abincinsu, amma abin da suke nomawa ba ya kai su wata kakar, sai sun jira jirgi ya kawo musu daga waje. Aikina shi ne in taimaka a gyara musu iri. Na ɗauki abin da girma ƙwarai, har sababbin kaya na ɗinka.

A ofishin da ke babban tsibirinsu aka fara rage mini zafin kai. Suka karɓi fasfona, wai za su adana mini don kada ya ɓata, suka ajiye ni a wani masauki da sauro ya riga ni kamawa. Kullum in je a ce gobe. Ranar da aka sallame ni kuma, wani ɗan kamasho a bakin ruwa ya yi mini sallama da Larabci mai daɗi, ya sayar mini da tikitin jirgin da ya riga ya tashi tun da safe. Ni da na girma ina ratsa kasuwar Kurmi, ina ganin babu mai wayon da zai iya da ni. Na zauna a kan jakata ina zagin kaina da Hausa, tunda babu mai ji.

Da na isa Pemba, wanda ya tarye ni shi ne mai kula da siton aikin. Mutum ne mai ƙiba, mai fara'a, makullai a ɗaure a ƙugunsa, ba ya rufe baki bai kira ni ɗan'uwa ba. Ya ce gidan da aka yi mini alkawari ba a gama rufinsa ba, don haka zai kai ni ƙauyen da zan yi aiki in ɗan zauna wajen wani dattijo kafin a gama. Har na baro tsibirin ban ga ko harsashin gidan nan ba.

Dattijon sunansa Hamadi, ni kuwa Baba Hamadi nake ce masa. Siriri ne, ba shi da yawan magana, yana da ɗan Larabcin da ya samu a makarantar allo, ni ma ina da nawa na zauren Madabo. Da shi muka fara lallaɓawa kafin in tsinci yarensu na Sawahili. Matarsa Mwajuma, da nake kira Inna, ita ce mai bakin gidan. Suna riƙe da jikoki mata guda biyu, marayu. Suka kwashe kayansu daga ɗaki mafi kyau suka ba ni, suna kira na Maalim, wato dai malam ɗin namu ne.

Ba zan ɓoye ba, watannin farko na sha kuka a zuci. Safe rogo, rana rogo da madarar kwakwa, kifi kuwa har sai da na fara jin ƙarninsa a rigata. Shinkafa sai ranar Juma'a, ita ma ana auna ta da tafin hannu. Na yi kewar tuwo da miyar kuka har ina jin ɗanɗanonsu a bakina ina cikin salla. Na yi kewar ƙarar masu bugun shadda da ke tashin mu da hantsi a unguwa. Nan babu abin da kake ji sai hankaki da ruwa. Da la'asar nakan murɗa 'yar rediyota in kamo Hausa, in ji ana ta labarin sababbin gwamnoni da 'yan majalisa, kowa a gida yana murna, ni ina zaune a gindin kwakwa an manta da ni. An kuwa manta ɗin, domin an canza mutanen ofishinmu na gida da suka turo mu, sababbin ba su ma san da zamanmu ba, alawus ya tsaya cak. Baba Hamadi ne ya ci gaba da ciyar da ni, bai taɓa nuna mini a fuska ba.

Gonarsa tana cikin wani kwari a bayan ƙauyen, fadama ce 'yar ƙarama da ya gada daga ubansa. Ita ce shinkafar gidan ta shekara, ba su da wata. Yana da 'yan itatuwan kanumfari a kan tudu, su ne kuɗin sutura da magani. Da na duba irin da suke shukawa sai na ga aikin da ya kawo ni. Ya cakuɗe, ja da fari, dogo da gajere, wani ya nuna tsuntsaye su cinye shi tun wani bai fitar da kai ba. A wurinsu mata ne ke riƙon iri. Kowace tana da kwandonta a rataye a saman murhu, hayaƙi yana kare shi daga ƙwari, kuma ko miji ba ya sa hannu a ciki.

Tsarin da aka ba ni daga ofis shi ne musaya. Manoma su kawo tsohon irinsu sito, a ba su sabo mai tsabta idan jirgi ya kawo, don kada su haɗa biyun su sake ɓata shi. A ilimin aikin, maganar tana kan hanya. Na tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a na yi bayani da gurguwar Sawahilina, na ce sabon iri zai iso kafin ruwa ya sauka. Mutane suka yi ta gyaɗa kai.

Da muka koma gida Inna ta tsaya a ƙarƙashin kwandonta ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Maalim, in naka bai zo ba fa?"

Na ce, "Zai zo, Inna. An tabbatar mini."

"Wa ya tabbatar maka? Mai makullan nan?"

Baba Hamadi ya ce da ita a hankali, "Baƙonmu ya yi magana a gaban jama'a. In gidan da yake kwana bai kai nasa ba, wa zai kai?"

Ta hau turmi ta sauko da kwandon da kanta, ta juye shi kaf a buhu, har tana kaɗe gindinsa. Baba Hamadi ne ya fara kai nasa sito, a ka, ta tsakiyar gari don kowa ya gani. Sai daga baya na gane cewa sauran gidajen rabi suka kai, suka ɓoye rabi. Su sun san halin ofisoshinsu, ni ne baƙo.

Azumi ya zo ya wuce babu iri. Sai bayan salla jirgi ya kawo shi. Tun kafin in kwance buhun farko na ji warin. An bar buhunan a bakin ruwa a can inda aka yi lodi, ruwan sama ya dake su, rana ta dafa su. Na sa hannu ciki na ji ɗumi, na ciro shi da baƙin fumfuna. Duk da haka na yi abin da aka koya mini. Na jera ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma na naɗe, na yi ta yayyafa ruwa ina leƙawa. Abin da ya tsiro bai kai a kira shi tsiro ba.

Na ruga wajen mai sito na ce ya buɗe ɗakin da muka tara tsohon irin, a mayar wa kowa nasa tun da sauran lokaci. Ya yi ta juya makullai kamar bai san wanne ba ne. Da ƙofa ta buɗe, ɗakin wayam, an ma share shi.

Ya ce, "Ɓeraye, ɗan'uwa. Tsibirin nan ɓeraye sun yi mana yawa."

Na ce, "Ɓerayen har da buhunan suka cinye? Su suka yi sharar?"

Ya yi murmushi ya ɗaga kafaɗa. Kowa a garin ya san cewa cashe irin aka yi aka sayar a cikin azumi, lokacin da shinkafa ta yi tsada, ni kaɗai ne ban sani ba. Na ci kwalarsa, na zazzage masa duk zagin da na iya, na Hausa da na aro. Mutane suka raba mu. Shi ko hularsa ba ta karkace ba, ni ne na koma gida hannu banza.

Labari ya bazu, kowane gida ya sauko da abin da ya ɓoye ya ruga ya yafa a gonarsa, ko da bai cika ta ba. Gona ɗaya ce a kwarin nan ta zauna babu ko ƙwaya, ta mutumin da ya ba ni ɗakinsa. Baba Hamadi bai roƙi kowa ba. Shi ne ya shige gaba ranar kai iri, nauyin bakinsa ba zai bar shi ya bi gidaje yanzu ba. Ni na fita nema. Na bi kasuwannin tsibirin, duk shinkafar da ke ciki casasshiya ce ta jirgi. Na sake shan wuyar teku na koma babban ofis, aka ba ni kujera da shayi, aka ce a yi haƙuri sai baɗi. Na ce su ba ni fasfona in tsallaka teku zuwa babbar ƙasar da tsibiran ke ƙarƙashinta in nemo da kaina, aka ce mai riƙe da makullin durowar ya tafi ta'aziyya.

A hanyar dawowa ne dabara ta zo mini. Limamin ƙauyenmu, Liman Kombo, yana shirin tafiya aikin hajji. A gida kuma na san yayata, Yaya Falmata, ta samu kujera a shekarar. Siyasa ta dawo, kujerun Makka sun fara zagaya unguwanni, ita kuwa duk matan lungunmu a bayanta suke, don haka sabon kansila bai isa ya tsallake ta ba. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da kuɗin saƙar hula da adashi ta kai ni makarantar aikin gona. Asalin kakanninmu daga Borno ne, kuma muna da wani ɗan'uwa tela, Baba Modu, da ya daɗe da zama a Makka. In Yaya ta kai iri shagonsa, Liman ya karɓo, shi ke nan. Na san doka ba ta yarda a tsallaka da iri haka ba, amma a lokacin ba ta ita nake yi ba.

Akwai wani iri da muke shukawa a Kura mai saurin nuna, wanda ko an makara zai iya kamo damina. Kuma ba mai yawa nake bukata ba. Su a can yafa shinkafa suke yi, iri ya tafi da yawa. Mu kuwa reno muke yi a fangali, in ta ɗan tasa a cire a dasa ɗaya-ɗaya. Da tiya huɗu ko biyar zan cika gonar Baba Hamadi.

Na je gidan waya na cikin gari, na buga gidan wani Alhaji maƙwabcinmu mai tarho, aka kira mini ita. Muryarta tana zuwa tana ɗaukewa.

"Lawan! Kai ne? Kana cin abinci kuwa? Muryarka ta rame."

Na ce, "Yaya, ki saurare ni, kuɗin wayar ba yawa. Ki aika Kura wajen Malam Garba abokin aikina, ya ba da shinkafa tiya biyar, mai saurin nan. Iri ne, shukawa za a yi. Ki tafi da ita Makka ki ajiye a shagon Baba Modu, wani limami zai zo ya karɓa."

"Shinkafa har Makka? Su mutanen ba su da ita ne?"

"Wani bawan Allah ne ya rasa irinsa ta dalilina, Yaya. Shi yake ciyar da ni."

Sai ta ce, "Wanda ya ciyar da kai ai ni ya ciyar. Ka bar mini wannan. Ko zanina zan rage, sai ta je."

Layin ya yanke. Na fito daga gidan wayar nan ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka, don na san in Yaya ta ce a bar mata abu, an gama.

Liman Kombo ya tafi da kwatancen shagon a bakinsa, ya maimaita mini har ya haddace. Mu kuma muka shiga gyaran gona. Na ja fangali a gefen da ruwa ba ya kwanciya, muka tankaɗe ƙasar da hannu, muka zuba taki, muka kewaye da ganyen kwakwa saboda kaji. Mutane suna wucewa suna tsayawa kallo. Wani ya tambaya ko albasa za mu shuka. Baba Hamadi ya yi dariya, karo na farko tun ranar sito, ya ce shi ma bai taɓa jin an yi wa shinkafa gado ba sai a wajen mutanen Kano. Inna ba ta yi dariya ba, amma kullum da safe ita ke riga mu zuwa ta cire ciyawar da ta fito a fangalin.

Ruwa ya sauka. Kwarin ya yi kore shar ta ko'ina, ban da wajenmu. Kullum in tsaya a bakin hanya ina duban mota. Inna ta taɓa cewa ko mu roƙi maƙwabta su ɗan cire mana daga tasu mu dasa, tunda na ce ana dashe. Na ce ta ƙara haƙuri, tasu ma ba ta yi kauri ba, kuma abin da ke tafe ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ta dube ni ta kau da kai.

Ranar da Liman ya dawo, gari ya fita taryarsa da waƙoƙin yabo. Ni ban ga fuskarsa ba, kayansa nake kallo. Bayan an sha zamzam an yi addu'a, ya sa aka ɗauko wani ƙullin buhu da aka naɗe da atamfa aka ɗinke bakinsa da zare mai ƙarfi. Ɗinkin Yaya ne, ko a cikin dubu zan gane shi. Liman ya ce, "Maalim, amanarka. Na rage dabinona saboda ita." Aka ɗauko mana har tsakar gidan Baba Hamadi, maƙwabta suka biyo mu don su ga irin Kano.

Na sa wuƙa na farke ɗinkin. A sama akwai ƙullin kuka da daddawa da yaji. Na ɗauke su na ajiye gefe, na buɗe buhun ciki.

Shinkafa ce fara tas. An guma ta, an kai ta inji an cire ɓuntun, an sheƙe, an tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Babu tsakuwa, babu karyayya ko ɗaya. Ban taɓa ganin shinkafa mai kyanta ba, kuma ko shekara za ta yi a ƙasa ba za ta tsiro ba. Na nutsa hannuna har gindin buhun ina laluben ko akwai shanshera a ƙasa, wato mai ɓuntunta wadda ake shukawa. Babu.

Duk manoma ne, babu wanda ke bukatar bayani. Ɗaya bayan ɗaya suka fara sulalewa. Ni kuwa na kasa ɗaga kai, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Baba Hamadi ya durƙusa ya ɗebo a tafinsa, ya juya ta a rana, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Yayarka ta iya gyaran shinkafa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Inna ta ɗauki buhun ta shiga madafa. Ranar ta dafa mana ita da madarar kwakwa, jikokin suna ta murna don ba Juma'a ba ce. A al'adarsu baƙo ne ke fara sa hannu a faranti, don haka suka zauna suna jira na. Na ɗebo na kai baki, na tauna. Sai da na kora da ruwa.

Washegari muka bi gonakin maƙwabta neman abin dashe, amma tasu ta riga ta yi gaɓa, in an cire mutuwa za ta yi. Muka gwada dankali a gefen tudu, ruwan kwarin ya taso ya ruɓar da shi. Gonar ta cika da ciyawa. Lokacin girbi, matan gidan suka riƙa bin gonakin mutane suna yankan ƙwadago, a ba su ɗan abin da aka ba su. Baba Hamadi, da shekarunsa, ya koma hawan itatuwan kanumfarin wasu. Na sayar da rediyota da sababbin kayan nan da na ɗinka, abin bai je ko'ina ba. Na ce zan bar gidan in rage musu baki, ya ce in na fita ya zama wanda ya kori baƙo saboda yunwa, kada in ƙara masa wannan a kan wancan.

Da ƙaramar jikar ta kwanta ciwo, ga shi babu ko ƙwaya a gidan, sai ya jinginar da gonar. Mutum ɗaya ne a yankin yake da abin karɓar jingina a wannan shekarar, shi ne mai sito. Na roƙi Baba Hamadi kada ya je wajensa, ya ce, "To wajen wa zan je, Maalim?" Da damina ta zagayo, ofis ya aiko da iri mai kyau a kan lokaci. Ni na gwada shi a tsumma, ya tsiro gaba ɗaya. Ni na koya wa mutane reno da dashe, kwarin ya yi shinkafar da ba su taɓa gani ba, har manyan ofis suka zo kallo. Gonar da ta fi kowacce kyau ita ce ta Baba Hamadi, shi ya dasa ta da hannunsa, a matsayin ɗan ƙwadagon mai sito.

Da wa'adina ya cika aka ba ni fasfona. Baba Hamadi ya rako ni har bakin jirgi. Ya ciro wani ƙulli daga aljihunsa, kanumfari ne na itatuwansa, ya ce in kai wa yayata tukwici, in ce mata wanda ta aika wa shinkafa ya gode. Na ce ba zan iya karɓa ba. Ya ce ba ni ya ba ba.

Na iso Madabo da rana tsaka. Yaya Falmata ta rungume ni tana kuka tana faɗan ramar da na yi. Bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu, na miƙa mata ƙullin na faɗa mata saƙon. Ta kwance ta shaƙa, fuskarta ta cika da murna.

Ta ce, "Allah sarki, bawan Allah. Ai na sha aiki a kan shinkafar nan. Da aka kawo ta daga Kura na buɗe, sai na ga duk ɓuntu. Na ce wannan ai rabin awon kayana zai tafi a ƙaiƙayi. Kuma in ɗauki abu kamar abincin kaji in kai wa mutane har Makka, a ce daga gidanmu ya fito? Na ƙara sayo wata a kai, na sa aka guma, aka kai inji. Ni da matan lungun nan muka zauna muka tsince ta tas, har idona ya yi ciwo. To yaya, ta yi kyau a gonar?"

Na ce, "Sun ci, Yaya. Sun sa miki albarka."

"Ba shi na tambaye ka ba. Gonar nake tambaya."

Yaya ba a yi mata kwana-kwana, tun ina yaro. Na sunkuyar da kai na ce, "Shinkafar da aka guma aka cire wa ɓuntu ba ta tsirowa, Yaya."

Ta ajiye ƙullin a gabanta. Sannan ta ce, "Tsohon fa?"

"Ya jinginar da gonar. Har na taho bai fanshe ta ba."

"Me ya sa ba ka gaya mini a wayar ba?"

Na ce, "Ban zaci akwai wanda bai sani ba."

Ta ce, "A ina zan sani, Lawan? Ni da aka haifa a cikin badala, ban taɓa taka gona ba? Ai kai muka tura makarantar."

Ta tattara bakin ƙullin a hankali, ta ɗaure shi yadda ya zo. Ta turo mini shi a kan tabarma, ta ce in fitar mata da shi daga ɗaki.